Shama Ba Ta Iya Rufa Asiri Ba

Cikin masu keken doki da ke jiran baƙi a gaban Bab Mansur, babbar ƙofar birnin Maknas, babu wanda ya kai Buzayyan baki. Idan yana ba baƙo labarin sarakunan da suka gina ganuwa, sai ka rantse da shi aka kwaɓa ƙasar. Amma ranar da iyayen Nuzha suka iso daga garin Safru, bakin nan sai ya bushe.

Nuzha ita ce yarinyar da yake nema. Tana zaune wajen gwaggonta a cikin birni tana koyon surfani. Danginsa sun riga sun je Safru sun gabatar da shi, sun kuma zuba masa gishiri son ransu: wai yaro ne daga gida sai aiki, daga aiki sai masallaci, Nuzha kuwa sau ɗaya tak ya taɓa hango ta a wani biki. Lalla Batul, uwar yarinyar, ta ce madalla, amma ita ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa. Ta aiko cewa ita da maigidanta, Si Tuhami, suna tafe, ya zaga da su su ga fada da masallatai kafin su sauka wajen 'yarsu.

Buzayyan ya wanke keke, ya sa farar jallabiya, ya taje gashin goɗiyarsa Shama har yana ƙyalli. Ya raɗa mata a kunne, "Yau dai ki rufa mini asiri, tsohuwa." Ta kaɗa kunne kamar ta ji.

Da farko komai ya tafi daidai. Lalla Batul ta tsaya a gaban ƙofar, ta ɗaga kai tana kallon zanen da ke samanta har mayafinta ya zame. Si Tuhami, dattijo siriri marar yawan magana, ya shafa ɗaya daga cikin ginshiƙan ya ce, "Mutanen zamanin da sun yi aiki." Daga nan suka bi doguwar hanyar da ke tsakanin bangayen fada, Buzayyan ya fara samun bakinsa, ya juyo yana yi musu bayani, ya saki linzami yadda ya saba.

Abin da ya manta shi ne rana ta yi tsaka, kuma a irin wannan lokaci Shama ba hanyar baƙi take bi ba. Hanyar maigidanta take bi.

Bai ankara ba sai ya ji keke ya tsaya cak. Ya waiwaya, sai ga su a ƙofar gidan shayi, abokansa sun baje karta a kan tebur. Wani mai ƙaton gashin baki ya ɗaga hannu ya kwarara murya: "Ango! Kujerarka ta yi sanyi. Zo ka rama cin da na yi maka jiya!"

Lalla Batul ta ce, "Ɗan nan, da kai ake?"

"A'a, Lalla, ai haka mutumin yake yi wa kowa. Ba shi da cikakkiyar lafiya."

"Allah sarki. Ga shi kuwa yaron shago ya taho da shayi, har da naka kofin daban."

Buzayyan ya kaɗa linzami da ƙarfi suka bar wurin. Ya ce yanzu zai kai su wani tsohon masallaci mai koren rufi, inda yake sallar azahar kullum. Suka doshi masallacin, ladan ma ya fara kira. Ya ja linzami. Shama ta wuce abinta. Ya sake ja, ya ce "Tsaya mana!" Ta ƙara sauri, har sai da ƙofar masallacin ta koma bayansu da nisa kafin ya samu ta dakata.

Lalla Batul ta gyara zama ta ce, "Ikon Allah. Ta san gidan shayi, ba ta san masallaci ba."

"A ƙafa nake zuwa, Lalla. An ce ya fi lada."

Si Tuhami ya yi wani tari mai tsawo a cikin hannun rigarsa, kafaɗunsa na rawa.

Bayan sun idar da salla, Buzayyan ya naɗe linzamin a hannu biyu, ya ƙudura ba zai sake waiwayawa ba. Ya nufi rumbunan sarki da babban tafkin da ke gefensu. Amma da suka zo wata mararraba, Lalla Batul ta ce, "Sassauta mata, ɗan nan, za ka yage mata baki. Sake ta mu ga gudun ruwanta."

Ba ya iya musa wa surukar gobe. Ya saki. Shama ta karya hagu, ta shiga wani lungu da ƙyar keke yake wucewa, ta bi shi da sassarfa kamar mai komawa gida, ta tsaya ƙarƙashin wata shuɗiyar taga ta yi haniniya.

Taga ta buɗe. Hannu mai lalle ya fito ya jefo karas, murya ta biyo baya: "Sai yanzu? Na ce ko yau ma kartar ce ta..."

Nuzha ta leƙo. Idonta ya faɗa cikin na uwarta. Tagar ta rufe da ƙarar da ta tashi tattabarun lungun gaba ɗaya.

Shama kuwa ta hau tauna karas ɗinta.

Lalla Batul ta sauko a hankali, ta zo gaban goɗiyar ta shafa mata goshi. "Ke kaɗai ce kika gaya mini gaskiya a garin nan." Ta juyo wajen Buzayyan, wanda ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da akuyar maƙwabta. "Sau ɗaya a biki, ko?"

"Lalla, wallahi daga ƙasa nake tsayawa. Ban taɓa taka matakala ba. Gwaggonta ma tana zaune kusa da tagar."

"Ita ma zan hau in ji nata bayanin." Ta tattare jallabiyarta ta nufi ƙofa, sannan ta tsaya. "Tunda duk lungun nan ya san muryar goɗiyarka, gara a karanta Fatiha kafin su fara yi mana waƙa. Da an gama tsinkar zaitun, ka turo manyanka. Ka ce musu wannan karon su rage gishiri."

Ta shige. Ba a jima ba aka fara jiyo muryarta daga sama, da ta gwaggo tana rantse-rantse.

Si Tuhami ya saki dariyar da ya daɗe yana dannewa, har da share hawaye. Ya taso daga baya ya hau gaba kusa da Buzayyan.

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Bar wannan. Maganar da aka fara a sama ba za ta ƙare kafin la'asar ba, kuma duk namijin da ya shiga ciki shi ne zai zama mai laifi. Ni rumbunan nan nake son gani tun ina yaro. Ja mu tafi."

Lungun ya yi wa keke ƙunci, babu wurin juyawa. Dole suka sauko su biyu, ango da surukinsa, ɗaya na turawa ɗaya na lallashin Shama ta ja da baya, mata na leƙe ta tagogi suna ba su shawara.