Daɓen Inna Asabe

Maiwada direban tifa ne a aikin dam ɗin Bakolori, kuma kamar kowane direba a wurin, yakan karkata da lodi ɗaya gida in ido ya kauce. Jar ƙasa ce, wa zai ƙirga ta? Ranar wata Laraba ya juye ɗaya a ƙofar uwarsa Asabe, a sabon matsugunin Maradun, inda aka kwaso su bayan ruwa ya ci tsohon gari. Ta tara mata, suka yini suna daɓe da waƙa, aka shafe shi da makuba. Ɗaki ya yi sumul, har maƙwabta na leƙowa.

Sai bayan mako aka gano katafila ta take wata na'urar awon taurin ƙasa a ramin da ake ɗiba. Lazarus, ma'aikacin gwaji, ya tara direbobi ya ce a cikinta akwai ƙwaya mai fitar da guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, ta fashe ta gauraye da ƙasar ranar Laraba. Aka bi kowane lodi da wani akwati mai ƙaf-ƙaf in ya ji gubar. Inda ya yi kuka a kankare wurin, a kwaɓa da siminti, a ɗura a duro, a liƙe, a kai ramin kankare can nesa da ruwa. Lodi ɗaya ya ƙi fitowa.

Maiwada ya ja bakinsa ya tsuke. Tsoron kora yake yi, ba wani abu ba. Kullum ya je gaida tsohuwa sai ya tarar da ita a kan tabarma, ƙafa miƙe a daɓen, ya ce mata ta riƙa zama waje ta sha iska. Da abin ya ishe shi, ya je ya faɗa wa Lazarus.

Akwatin ya fara kuka tun daga bakin ƙofa. Asabe na tsaye ƙarƙashin bishiyar bedi ana sarar daɓen ɗakinta da diga, tana kallo har aka liƙe duro na ƙarshe.

"Maiwada, sanda kak kawo ta, ka san da abin ga?"

"A'a, Inna, wallahi."

"To yaushe kas sani?"

"Kwana tara ke nan."

Ta ɗan ƙirga a yatsu, ta gyaɗa kai. Da la'asar ta ɗaure ƙullinta ta hau motar Bakura, wurin ɗiyarta. Ya miƙa hannu zai ɗaukar mata kayan, ta ce ta iya.