Kifayen Tsigi

Ranar Talata ce, tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya ɗaukewa kuma ba ya zama ruwan kirki. A rumfar da ake fasa tsofaffin batura ana narka dalmar cikinsu, hayaƙi ya rasa hanyar fita, ya kwanta a ƙarƙashin kwano. Ranar ce wata ma'aikaciyar lafiya ta zo da jakarta, ta maƙala wa kowa 'yar na'ura a wuyan riga, ta ce za ta auna abin da suke shaƙa daga safe zuwa tashi.

"Malama, abin nan yana jin gulma?" in ji Dogo mai hura wuta. "In yana ji, a cire wa Baban Tsigi nasa. Yau sau uku yana zagin maigida."

Aka kwashe da dariya, har da Baban Tsigi. Shekararsa shida a bakin kaskon narka dalma, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Dariyar ta ƙare masa ne da Malama ta tambaya ko akwai mai ƙaramin yaro a gida. Tsigi, 'yarsa ɗaya tilo, shekararta huɗu, kuma wata uku ke nan tana kukan ciwon ciki, ta ƙi abinci, ta zama sarauniyar rigima. Maganin tsutsar ciki kam ta sha har ta gaji.

Aka ɗebi jininta. Bayan mako guda Malama ta kira shi gefe, ta ce dalma ta yi yawa a jinin yarinyar.

"Wallahi ko sau ɗaya ba ta taɓa taka rumfar nan ba!"

"To rumfar ce take zuwa wurinta," in ji Malama. "Jibi zan zo gidanku in auna. Kada a share, kada a goge, a bar min komai yadda yake. In ban gano inda take samunta ba, magani ba zai yi amfani ba. Sai dai ta bar gidan, ta koma wurin dangi."

Maganar barin gida ita ce ta tsaya masa a rai. Kullum da yamma, kafin ya gama jingine keke, Tsigi ta sheƙo da gudu ta ɗale wuyansa, ta cire hularsa ta kifa a kanta, ta zura hannu aljihunsa. Wannan gudun shi yake sa ya manta zafin kasko.

Ya isar wa matarsa da saƙo kalma bayan kalma. Ta dube shi kamar ya ce ta fita titi ba ɗankwali.

"Baƙuwa ta zo gidana ta tarar da ƙura? Ta je ta ce me?"

"Ƙurar take nema, Maman Tsigi."

"To ta nema a gidan wata."

Ya ɗauka wasa take yi. Da ya rako Malama ran Alhamis da hantsi, tun daga ƙofa ƙanshin sabulu ya tare su. Siminti yana ɗaukar ido, labule yana ɗiga a kan igiya, tabarma na shan rana, har ƙasan gado an wanke. Maman Tsigi tana tsaye da sabon zane, fuskarta fal murmushi.

Malama ta ajiye jaka, ta dafe ƙugu. "'Yar'uwa, kin kashe ni."

"Ɗan goge-goge ne kawai na yi."

"Ke ce ta biyar a wannan makon. Duk wadda na ce kada ta share, sai ta wanke har bango."

Duk da haka ta sa safar hannu ta fara aiki. Tana da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, in ta ɗora bakinta a kan abu sai lamba ta fito. Ta gwada bango, ta gwada tukwane, randar ruwa, bakin taga, ƙasar tsakar gida. Ko'ina lambar ƙarama. Hularsa da rigunansa biyu na aiki ne kawai suka ɗaga lambar, ta sa su a leda, amma ta girgiza kai.

"Waɗannan suna da laifi, sai dai ba su kai abin da na gani a jininta ba. Akwai wani abu. In yana nan jiya, yau an share shi."

Murmushin Maman Tsigi ya gudu. Ta zauna a bakin gado, ta ce a hankali, "Baban Tsigi, ko a kai ta wurin Inna?"

Wurin Inna, kakar Tsigi, tafiyar yini ce a mota.

Duk wannan abu Tsigi tana maƙale a bayan ƙafarsa tana leƙen na'urar. Can ta ja gyalen Malama.

"Anti, ki auna kifina."

"Kina da kifi? Ina ruwansa?"

"Na ɓoye. Mama tana zubar da komai."

Ta ruga bayan ƙofa, ta zura hannu cikin tsohon takalmin ruwan babanta, ta zaro gwangwanin madara. Ta juye a ƙasa. Kifaye ne ƙanana masu launin toka, guda tara, kowanne da ido da ƙaya da jela. Ta ɗauki ƙaramin ta jefa a baki, yadda ake yi da alewa.

Malama ta durƙusa ta tara tafin hannu. "Tofo min, 'yar albarka." Ta ɗora bakin na'urar a kan jiƙaƙƙen kifin. Lambar ta haura sama sosai, Malama ta ɗago ta dubi uban.

Shi ya yi su. In an gama zubi aka bar ɗan guntun dalma a gindin kasko, sai ya zana kifi a jiƙaƙƙen yashi da tsinke, ya tsiyaya a ciki, ya goge kaifin da tsumma har ya yi santsi, don kada ya yanke ta. Su take nema a aljihunsa.

"Malama," ya ce, "na ɗauka hayaƙin ne guba. Wannan ai ya huce. Ai ƙarfe ne kawai."

"Na sani. Kuma hannunka yana da kyau, dubi jelar nan." Ta tattara su cikin leda ta ɗaure. "Ba inda za ta je. Gobe ku kawo ta a fara magani. Kai kuma ka riƙa barin kayan aiki a wurin aiki, ka yi wanka kafin ka taɓa ta."

Maman Tsigi ta share ido da gefen zane. "Da na san suna cikin takalmin nan, da tun jiya suna bola."

"Da kuwa yau muna haɗa mata kaya," in ji Malama. "Gara da ta fi ki wayo."

Tsigi ta yi kukan kifinta har ta yi barci. Washegari da yamma ta sheƙo kamar kullum, ya ɗaga hannuwa sama ya ja da baya. Ta yi turus a tsakar gida tana kallonsa. Ya shige banɗaki, yana jin ta a bakin ƙofa tana buga ƙyaure da ƙafa. Da ya fito ya ɗauke ta, ya ciro kifin da ya sassaƙa da katako lokacin hutu. Ta juya shi sama da ƙasa.

"Baba, wannan ai takalmi ne."

Ta dai riƙe shi.

Abin da Malama ta rubuta a takardarta ta tafi da shi: kifi tara, gwangwani ɗaya, hula ɗaya, riga biyu, takalmin ruwa ƙafa biyu. Gudun bakin ƙofa ma ta tafi da shi, amma ba ta rubuta shi ba.