Jirgin Jamus a Ɗakin Baya

Ranar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, a ƙarshen Oktoban 2014, Abdurra'uf yana cikin garin. Aiki ne ya kai shi. Shi ke duba janaretocin ƙarafunan sabis na waya tun daga Gombi har Michika, kuma a makon nan layin Mubi ne ya faɗo kansa. Da hantsi ya kira matarsa Naziha ya ce ana ta harbi, amma shi lafiyarsa lau, zai nemi hanyar fita. Bayan azahar wayarsa ta daina shiga.

Naziha malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata da ke Jimeta, gidansu kuma a Jambutu. Ba ta iya zaman jira ba tun tana yarinya, yanzu kuwa abin ya zama kamar ciwo. Da an tashi makaranta sai ta tari Keke Napep ta nufi tasha, ta tsaya tana duban fuskokin masu saukowa daga manyan motoci, wasu ba takalmi, wasu da katifa a ka. Daga nan ta wuce asibiti, ta leƙa harabar masallatai da ta coci-coci inda aka sauke mutane, ta ƙarasa Damare inda aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira. Kowa ta tambaya sai ya ce kamar ya ga mai irin wannan kama, amma ba zai rantse ba.

Goggo Asta, ƙanwar mahaifin Abdurra'uf wadda ta rene shi, ta taso daga cikin Yola da butarta da carbinta ta tare a gidan. Ita tana iya wuni kan darduma ba ta motsa ba. Naziha kuwa sai ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa, ta ɗora ruwa a wuta ta manta abin da za ta yi da shi.

Wata rana wani ma'aikaci a Damare ya ce ta kawo hoton mijin wanda fuska ta fito sosai, su liƙa. Hotunan kirki duk suna cikin kwamfutarsa, a ɗakin baya.

Ba ta son ɗakin nan. Nan Abdurra'uf yake ɓacewa kowace Asabar shi da abokinsa Absalom, mai kemis a kusa da kasuwar Jimeta, su yi ta tuƙa jiragen yaƙin duniya na biyu a wasan kwamfuta har abinci ya huce. Ya sayo sandar tuƙi, ya ƙera feda biyu daga ƙafar tsohon keken ɗinki, ya haɗa batir da inbata don kada ɗaukewar wuta ta kayar da shi yana sama. Jirgin da ya fi ƙauna na Jamus ne, Messerschmitt 109. Ita ta ƙi wahalar da harshenta, Mesa kawai take ce masa.

Ta samo hoton ta tura a wayarta. Maimakon ta kashe, sai ta danna alamar wasan. Ba ta san me take nema ba, wataƙila dai inda ya tsaya.

Sai ga ta zaune cikin jirgin, a wani filin ciyawa, gabanta agoguna masu rubutun Jamusanci, hancin jirgin ya ɗaga har ba ta ganin abin da ke gaba. Ta sha ganin yadda Abdurra'uf yake yi ta bayan kafaɗarsa. Ta tayar da injin, lasifika ta ɗauki ruri, ta tura totur gaba ɗaya. Jirgin ya zabura, ya karkace hagu kamar an finciko shi, fiffike ya caki ƙasa, ya kife. Ta sake. Ya sake karkacewa. Haushi ya kama ta, irin wanda take ji idan lissafi ya ƙi fita alhali ta san yana da amsa. Ta yi ta maimaitawa har aka kira la'asar. Sai da ta miƙe ta lura cewa tun da ta zauna ba ta duba wayarta ba.

Washegari ta koma, jibi ma haka. Tana dawowa daga yawon nema sai ta cire mayafi ta shige ɗakin baya da ƙurar hanya a ƙafarta.

Goggo Asta ta yi haƙuri na ɗan lokaci. Ranar da matan unguwa suka zo jaje suna zaune a falo, rurin injin yana fitowa ta bango, ta kasa. Bayan sun tafi ta tsaya a ƙofar ɗakin ta fara da Hausa, da abin ya ci ranta ta juye Fulatanci. Ta ce mutane za su tafi da labari, a ce ɗanta ya ɓata, matarsa kuma tana wasan yara. Ta ce ko kunyar idon baƙi ba ta ji.

Naziha ba ta juyo ba. Ta ce, “Goggo, in na zauna a falo sai in ga gawarsa. Nan ne kaɗai ba na ganinta.”

Goggo ta ce a rage ƙarar dai. Ta koma kan dardumarta.

Absalom ma yana nasa neman. Yana da 'yan'uwa da suka gudo daga Michika, ya sa su suna tambaya a duk inda aka sauke mutane. Wani yammaci ya biyo da labarin cewa an ga wasu ma'aikatan sabis sun bi duwatsu sun nufi Kamaru da ƙafa, amma ba a san ko su wa da wa ba ne. Yana tsaye a bakin zaure yana faɗa wa Goggo, Naziha ta fito ta saurara har ƙarshe. Sai ta tambaye shi me ya sa jirgin yake karkacewa hagu.

Ya dube ta kamar bai ji daidai ba. Da ya ga da gaske take, ya ce ƙarfin farfela ne ke murɗa shi, ga ƙafafun jirgin a matse suke, shi ya sa tun a zamaninsa ya sha kifewa da sababbin matuƙa kafin su bar ƙasa.

“Kada ki tura totur lokaci ɗaya, madam. A hankali. Ki taka fedar dama tun kafin ya fara karkacewa. In kin jira sai kin gani, kin makara.”

Da ta gwada haka, jirgin ya yi tangal-tangal, ya miƙe, ƙarar tayoyi a ciyawa ta ɗauke. Ƙasa ta yi baya. Ta ga gonaki da wani kogi mai lanƙwasa, da dusar ƙanƙara a kan tuddai, abin da ba ta taɓa gani da ido ba. Ba ta iya sauka ba, don haka ta yi ta zagaye har mai ya ƙare, ta faɗa cikin wata gona.

A kwanakin nan jiragen yaƙin soja suna tashi daga filin jirgin Yola safe da yamma su nufi arewa. Idan suka wuce ta saman Jambutu kwanon rufi har kaɗawa yake. Jita-jita kuma ba ta yankewa: an ce sun iso Hong, an ce sun wuce Gombi, an ce Yola suka nufa. Maƙwabta suka fara ɗaure kaya. Iyayen Naziha suka yi ta kira daga Kano suna cewa ta taho. Ta ce idan ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle fa? Ta haɗa jaka ɗaya ta ajiye bayan ƙofa, ta kwance, ta sake haɗawa.

Ta koyi sauka, da ƙyar. Daga nan ta shiga ayyukan yaƙin da wasan ke bayarwa. Ta koyi hawa sama ta ɓuya cikin hasken rana, ta faɗo wa jirgin abokin gaba ta baya, ta yi harbi gajere ta sake hawa. Ta gano lissafi ne: ba inda jirgin yake za ta harba ba, inda zai kasance. Ranar da ta fara kakkaɓo wani, ya yi hayaƙi ya juya ya nufi ƙasa, ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa.

Sai wata rana aka ba ta aikin kai wa jerin motoci hari a kan hanya. Ta gangaro, ta daidaita, ta danna. Motar gaba ta kama wuta. Da ta zagayo don ta sake, sai ta ga ƙananan mutane suna fita daga sauran motocin suna gudu cikin daji, wasu suna faɗawa rami a gefen titi. Zane ne kawai, ta sani. Amma a daidai lokacin wani jirgin gaske ya keta saman gidan ya nufi arewa. Ta saki sandar ta fita tsakar gida, ta tsuguna bakin rariya tana kakarin amai, ba abin da ya fito. Goggo Asta ta kawo mata ruwa a moɗa.

Ta yi kwanaki ba ta shiga ɗakin ba. Ta ƙara wa yawonta nisa, har Ngurore ta je don an ce an sauke wasu a makarantar firamare. Amma zaman falo ya gagare ta, ta koma. Aikin motoci ne dai ba ta ƙara karɓa ba.

Tana aji tana rubutu a allo wata baƙuwar lamba ta Kamaru ta kira. Ta fita baranda da alli a hannu. Muryar ta shaƙe har ba ta gane ta ba sai da ya kira sunanta. Abdurra'uf ne.

Bayan 'yan kwanaki aka zagayo da shi da sauran waɗanda suka tsallaka Kamaru ta garin Garwa. Absalom ne ya ɗauko shi daga tasha. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, ƙafafunsa a naɗe da tsumma. Goggo Asta, da ba ta yi kuka gaban kowa ba tun farkon abin, ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki.

Labarin a gutsuttsure ya riƙa fitowa. An ƙwace motar aiki da wayoyinsu tun a bakin gari. Sun bi duwatsu da ƙafa. Zazzaɓi ya kayar da shi a wani ƙauye da babu sabis, wani manomi ya ajiye shi a rumfar awakinsa har ya iya tsayawa. Abin da ya fi maimaitawa shi ne ranar da jirgi ya biyo hanyar da suke kai, ƙasa-ƙasa, suka zube cikin kwalbati su da mata da yara. Ya ce yana kwance yana tunanin ko daga sama ana iya bambance su da masu bindiga. Jirgin ya wuce bai yi musu komai ba. Naziha tana shafa masa magani a ƙafa tana ji, ba ta ɗago kai ba.

Sai da ya warware ya gano tana tuƙi. Ya dawo daga masallaci ya ji injin ta bango, ya tsaya cak a tsakar gida, gumi ya keto masa. Da ta fito ya ce zai kwashe kayan ya ba Absalom, ba ya son ƙara jin wannan ƙara a gidansa.

Ta kira shi da Hamma, kamar yadda ta saba, ta ce, “Ka yi haƙuri, amma ba za a fitar da shi ba.”

“Ke da kike cewa ɓata lokaci ne?”

“Na faɗa. Ba za a fitar da shi ba.”

Sun yi kwanaki magana ba ta wuce gaisuwa. Goggo Asta ce ta raba, ta ce wa ɗanta ya bar yarinya da abinta, shi bai ga yadda aka yi zaman nan ba. Naziha ta sayo iyafis na sawa a kunne, gidan ya yi shiru.

Abdurra'uf bai koma aikin sabis ba. Ya karɓi gonar gado a Namtari ya shiga noman rani, tumatir da albasa. Har yau ba ya iya zama cikin ɗaki da rana. Da asuba yake fita, idan ya dawo kuma sai ya yi ta zagaye tsakar gida yana gyara abin da bai lalace ba. Goggo Asta ta rasu shekarun baya. Kwamfutar an sauya ta, sandar ma haka, fedojin keken ɗinkin ne kawai suka rage. Naziha yanzu ta intanet take tashi, ita da Absalom da wasu mutane daga ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, waɗanda yawancinsu ba su san mace ce ke rufa musu baya ba.

A damunar bara, wata Asabar da ruwa ya hana shi fita da wuri, ya shigo ɗakin baya ya ce ta ɗan tashi. Ta zare iyafis ta miƙa masa, ya ce a'a. Ya zauna, ya ɗora ƙafafu a kan fedojin, ya kama sandar. Jirgin yana tsaye a filin ciyawa, injin a kashe. Ya juya kallo hagu da dama cikin mazaunin, ya ce an gyara zanen agogunan, da ba haka suke ba. Ya tambaye ta ko har yanzu injin yana zafi idan aka daɗe ana hawa, ta ce sai an buɗe masa iska. Ya gyaɗa kai. Yatsansa ya kai kan maɓallin tayar da injin ya daɗe a wurin.

Can ya leƙa taga ya ce ruwan ya tsagaita, kuma yana tsoron kada ya cinye masa kunyoyin masara ta gefen rafi. Ya miƙe ya nemi makullin mota. Ta raka shi zaure ta miƙa masa kular abincinsa, ta tsaya har motar ta sha kwana cikin taɓo. Wayarta ta yi ƙara a hannunta: Absalom ne, yana cewa sauran sun taru ita ake jira. Ta ce masa su tashi, za ta same su a sama.