Farfesun Zomo a Jirgin Sha Biyu da Kwata

Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a garin Valcroze sai an ɗaga masa hannu. Haka Fernande ta tashi ta tarar, tun babanta na loda duwatsun gini a tarago. Duwatsu suka ƙare, tasha ta koma benci ɗaya da 'yar rumfa, amma da jirgin nan take kai cukunta kasuwar birni, da shi jikokinta ke zuwa mata.

Kwatsam sai ga takarda a ƙofar magajin gari: ran Talata mai ƙidayar fasinja daga hukumar jirgi zai biyo jirgin sha biyu da kwata. In mutum ashirin ba su hau ba, an rufe tashar.

"Sha biyu da kwata!" in ji Fernande. "Wanda ya zaɓi lokacin nan ya san mu sarai."

Don a Valcroze, sha biyu na bugawa kowa ya zauna cin abinci. Ko gobara ce, sai an cinye.

Ta bi gida-gida. Aristide mai burodi ya ce, "Madam Fernande, ba ni da faɗa da jirgi, amma ba na cin abinci a makare."

"Wa ya ce ka makara, sarkin ci? A cikin jirgin za a ci. Ni da na yi jinyar uwarka hunturu biyu, yau ƙafarka ta yi nauyi?"

"To, me za a dafa?"

"Zomo. Kai ka kawo burodi."

Ran Talata aka cika tasha, wannan da kwando, wancan da farantai, Fernande rungume da tukunya. Jirgi ya ɓullo, bai rage gudu ba. Sai a nan ta lura: hannun kowa a cike yake.

"Aristide! Ɗaga, don Allah, ɗaga!"

Ya ɗaga dogon burodi sama yana kaɗawa. Birki ya yi ƙara, jirgi ya ɗan wuce su, ya tsaya.

Da suka hau, mai ƙidayar ya ƙirga su sau biyu, yana haɗiyar yawu saboda ƙamshin farfesu. "Ashirin da uku. Tasharku ta tsira, Madam."

Fernande ta jira sai da ya rubuta, ya rufe littafin, sannan ta zuba masa cinyar zomo.

"Yanzu ka ci, ɗana. Kada a ce da romo muka saye ka."