Maɓalli na Biyar

Su uku ne a cikin kwale-kwalen. Tsoho Shigezo masunci ne, yana da kwale-kwale mai inji amma ba shi da yawan magana. Surukinsa Noboru, ma'aikacin ofis daga Hiroshima, yana da waya mai taswira amma ba shi da haƙuri. Sai jikar tsohon, Chinatsu ɗiyar Noboru, 'yar shekara goma, wadda ba ta taɓa tsintar akwati da hannunta ba.

Wasan da ya fito da su mai sauƙi ne. Wani ya ɓoye ɗan akwati, ya sanar da wurin a intanet, masu nema su bi waya su gano shi. Ƙa'ida ɗaya ce: ka ɗauki abu, ka ajiye wani, ka sa hannu a littafin da ke ciki.

"Kaka, yau ma ba kifi?" Chinatsu ta tsokane shi. Kowa a gida ya san duk watan Agusta akwai ranar da yake fita shi kaɗai ya dawo hannu rabbana.

"Kifin nan sun fi ubanki wayo," in ji tsohon.

"Baba, yi hagu," Noboru ya ce, idonsa a kan waya. "Kogon tsibirin can. A nan sojojin ruwa suka ɓoye ƙananan jiragensu masu nakiya lokacin yaƙi."

"Allah sarki, wayar ce ta gaya maka?"

Suka ɗaure kwale-kwalen a jikin dutse. Zarnin fitsari ne ya fara tarbar su. Ga guntayen sigari, ga robobin shayi, ga ragowar shinkafa ta yi funfuna, ƙudaje sun rufe ta. Chinatsu ta toshe hanci. Shigezo ya tsaya cak a bakin kogon.

Ita ta fara hango shi, wani tsohon gwangwanin biskit a tsagar bango. "Na samu!" Ta buɗe. Tarkace ne fal: 'yar tsana mai kai ɗaya ba ƙafa, marfin kwalba, cingam da aka tauna aka naɗe a takarda. Can ƙasa akwai maɓallin tagulla guda ɗaya mai zanen anga, alamar sojan ruwa. Ta ɗauke shi, ta cire abin ɗaure gashinta ta jefa ciki, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Noboru ya buɗe littafin zai sa hannu. "Ji mutane! 'Mun samu, ko gumi ba mu yi ba.' Wani ma alade ya zana." Ya koma shafukan farko, sai dariyar ta ɗauke. Ya karanta a hankali. "'Yaya Isamu, bana ma na zo. Inna ta rasu a watan sanyi.'" Ya ɗago. "Baba, wannan ai rubutunka ne."

"Shekara goma sha bakwai gare shi," Shigezo ya ce. "Daga nan ya fita, bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari. Rigarsa kawai aka kawo mana, asu ya cinye ta, maɓallai biyar suka rage. Bara duk biyar na nan." Ya kalli cingam ɗin, ya tofar da yawu gefe. "Da wannan suka musanya min yayana."

Bayan wani dutse, taku uku daga wurin, Noboru ya zaƙulo akwatin wasan na gaskiya. Na roba ne, sabo ƙal, littafinsa fari tas. Duk wanda ya zo, gwangwanin yake fara gani.

"Baba, mu tafi da gwangwanin gida. Zan yi rubutu a intanet, wataƙila su mayar da maɓallan."

"Su mayar daga ina? Daga ƙasan aljihun tebur? Kuma shi ba ya zuwa gida. A nan na bar shi."

Maɓallin ya yi zafi a tafin Chinatsu. Ba wanda ya ga ta ɗauka. Ta durƙusa, ta kwashe tarkacen ɗaya bayan ɗaya, har cingam ɗin da yatsu biyu, ta zuba a akwatin roba. Ta mayar da maɓallin cikin gwangwani. Sannan ta kai akwatin bakin kogo ta ɗora a kan dutse, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi.

"Ke, ai ɓoye shi ake yi, in ba haka ba wasan ya..." Noboru ya dubi surukinsa, ya haɗiye sauran.

Shigezo ya tura gwangwanin can ƙuryar tsagar iyakar tsawon hannunsa, ya toshe da dutse. Suka cika leda biyu da shara.

A hanyar komawa, Chinatsu ta kalli ƙugiyoyin Kaka a naɗe, ko jiƙewa ba su yi ba. A nan ta gane cewa ranar nan ta Agusta, ba kamun kifi yake zuwa ba.