Arba'in ɗin Minko da Haruffan Kokawa

Ranar da aka binne Minko, masu rakiya ba su cika bayan keken doki ba. Mutumin ya yi faɗa da kowa a ƙauyen, har da limamin coci. Matarsa Todorka ta haɗiye kunyar, amma ta rantse ba za a maimaita mata ita ranar arba'in ba. Ta jiƙa alkama babbar tukunya, ta tanadi sukari da kirfa. Tsoronta ɗaya ne, kada ta dafa sadakar nan ta dawo da ita gida ta zuba wa kaji.

Ta hau mota zuwa birnin Gabrovo wurin ɗan ƙanenta Lyuben, mai buga takardu, don ya yi mata sanarwar makoki irin wadda ake mannawa a jikin bishiyoyi. Lyuben ya sosa ƙeya, ya ce siraran haruffan makoki duk suna ɗaure cikin wani aikin da ya jera zai buga. Saura na katako da aka kawo daga Sofiya, babban birni, ƙattai, ba jela ba kwalliya, O kamar faranti, M kamar ƙofar garke. Da su yake buga tallar kokawar kaka, wadda gwani ke cin rago. Todorka ta manta tabaraunta a gida, ta ce ya buga kawai.

Sunan Minko kaɗai ya cinye rabin takarda, rana da wurin taro, wato Asabar da filin coci, suka cinye saura. Gicciye da kalmar marigayi suka maƙale can ƙasa kamar ƙuda. Hoto kuwa babu, domin Minko ya yi faɗa da mai hoton ma. Haka aka manna takardun a bishiyoyin bakin hanya.

Ran Asabar Todorka ta fito cikin baƙaƙen kaya, ta tarar filin ya cika. Samarin ƙauyukan kewaye sun hango haruffan tun daga cikin mota, sun ɗauka kokawa ce, sun zo da mai busa, wasu har sun tuɓe riga. 'Yan gari suka biyo hayaniya. Maƙwabcinta Stamen, wanda rabonsa da gaida Minko tun rigimar wata katanga, ya matso yana leƙen bayanta.

"Todorka, ina ragon?"

"Yana kwance can ƙarƙashin ƙasa, Stamen. Karɓi kyandir."

Wa zai juya a gaban liman da mai takaba? Aka mai da riguna, aka kunna kyandir, mai busa ya sa abin busarsa a hammata. Aka kankare tukunyar alkama tas.

Lyuben ya laɓe bayan coci yana jiran mari. Todorka ta same shi, ta daɗe tana kallonsa.

"Goggo, ki yi haƙuri, kuskure ne."

"Rufe mini baki. In shekara ta zagayo, da su za ka buga. Ka ƙara musu kauri."