Ranar da Na Buɗe Ɗan Tsawa Ta Baya

Ni ne Maɗugu. In ka sauka tashar Jibiya ka tambayi tsofaffin 'yan dako wa ya taɓa ɗaukar buhun gero biyu a kai daga bakin kasuwa har shingen duwan, wato na 'yan kwastan, bai ajiye ba, suna ɗaya za su ba ka. Shekara arba'in da ɗoriya ina lodi. Kamyo, babbar motar kaya, ya taɓa kifewa da ni a hanyar Maraɗi, na fito ta ƙarƙashin buhuna ina kaɗe riga. Kura ta bi ni daga Daddara har Farfaru, ita ta gaji. Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu, a kan tsamiya na kwana da akuya a kafaɗa. Ban taɓa shiga aji ba, kuma har yau ban ga abin da ajin ya ba mutane da ni na rasa ba.

Jikokina sun san duk wannan, don ni nake ba su. Su uku ne a gidan ɗana Hamza: Mutmainna mai shekara goma sha ɗaya, da Fatimatu, sai auta Zalika mai biyar. In na dawo daga sallar magariba, a tabarmata ta zaure nake iske su. Zalika ba ta barci sai kanta na kan gwiwata, sai ta ji yadda kurar nan ta zauna tana haki.

Haka muke har Uwaisu ya kawo littattafai.

Uwaisu ƙanen uwarsu ne, direba, yau Katsina gobe Maraɗi. Ba ni da komai da shi, yaro ne mai gaisuwa. Amma shi ya shigo da littattafan nan biyu cikin leda. Ɗaya na wani ɗan tsako ne da ya ƙi barci. Ɗayan na wani ƙato ne, wai Ɗan Tsawa, mai matsattsen wando da jan mayafi ɗaure a wuya kamar wanda ya saci na matarsa. Wai tashi sama yake yi.

Rana ta farko na dawo daga masallaci, tabarma ba kowa. Na zauna. Daga cikin gida ina jin muryar Mutmainna tana karatu, tana jan magana kamar mai labaran rediyo, ƙannenta na dariya. Na yi tari. Na ƙara tari. Ruwa aka aiko mini a kofi.

Kwana shida haka. Na sayi alawar madara na ajiye gefen tabarma, suka zo suka ɗauka, suka ce an gode, suka koma ciki. Zalika kaɗai ta ɗan tsaya, tana tsotsar tata.

"Tsoho, kai kana iya tashi sama?"

"Mi na aje a sama? Ƙasa ta ishe ni."

"Ɗan Tsawa ya ɗaga kamyo da hannu."

"Da kaya ko babu kaya?"

Ba ta sani ba. Ta ruga ciki ta tambayo, ba ta dawo ba.

Abin da ya fi ci mini rai, kowa yabon littafin yake. Uwarsu Maimuna ta ce wa Hamza, ina ji, tun da aka kawo shi Fatimatu ta fara haɗa baƙi da kanta. Hamza ya ce ai ko ba komai sun bar Baba ya huta. Wa ya ce masa na gaji? Har Kalilu mai shayi na tasha, wanda ban taɓa jin ya yabi wani abu ba sai shayinsa, ya ce 'ya'yansa sun ari littafin, yanzu ƙaramin zanen uwarsa yake ɗaurawa a wuya yana tsalle daga kan turmi. Na ce masa na hango bangon. Mutumin da zai ɗora kamyo a kai babu gammo, wannan bai taɓa ɗaukar ko kwanon tuwo ba. Kalilu ya ce, "Baba Maɗugu, kishi kake da takarda?" Ban sake shan shayinsa ba a makon.

Ranar Juma'a bayan la'asar Uwaisu ya zo. Muna zaune a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, ya fiddo waya ya ce masu buga littafin sun sa lamba a bango, suna son jin ra'ayin masu karatu, da murya ma ya isa. Ya jera yaran. Mutmainna ta ce labarin ya yi gajarta. Fatimatu ta ce a yi wata mace ita ma mai tashi. Da aka kai wa Zalika wayar bakinta, ta ce, "Ɗan Tsawa ya fi kowa ƙarfi a duniya."

A gabana ta faɗa. Gwiwata da take ɗora kai tana nan kusa da ita.

Na ce, "Uwaisu, kawo wayar nan. Ni ma ina da ra'ayi."

"Baba, ai sai wanda ya karanta."

"Ba hoto ba ne? Ido gare ni. Da wanga ido nake gane buhun da aka rage wa mudu tun yana kan mota. Miƙo littafin."

Mutmainna ta miƙo. Na goge hannu a riga, na yi bisimilla, na buɗe shi yadda na ga kowane malami yana buɗe littafi tun ina yaro, ta dama. Uwaisu ya danna wayar ya riƙe ta kusa da gemuna.

Na ce, "Ku masu littafi, ku saurara, Maɗugu ne na Jibiya. Ga mutane nan bakin gulbi, kamyonsu tsaye kan hanya lafiya lau, suna ta murna suna tafi. Ga mutuminku ya zo yana ɗaga musu hannu kamar abin arziki." Na juya shafi. "To kun gani. Ya sungumi motar mutane ya ɗora a kai. Wa ya sa shi? Ba wanda ya sa shi." Na juya. "Ga shi ya tashi da ita saman ruwa." Na juya, sai ni kaina gabana ya faɗi. "Inna lillahi. Ya tsoma ta cikin gulbi. Da mata da yara a kan kaya, dubi bakinsu, kuka suke." Na juya. "Ya tashi ya tahi abinsa, ko waiwaye." Shafin ƙarshe kuwa, ga ƙaton nan zaune a ɗakinsa da kwanon tuwo a gaba, ya kara hannu a kunne. "Kun ga ƙarshen rashin imani. Ya koma gida yana cin tuwo, yana sauraren kukansu. Wannan kuke ba yara su kwana da shi?"

Na rufe littafin na ɗaga kai ina jiran a ce Baba ya yi gaskiya.

Uwaisu ya duƙe yana ta dariya. Fatimatu ta kwanta kan tabarma tana shure-shure. Daga bayan katanga na ji Maimuna, surukar da ko tari ba ta yi a gabana, ta toshe baki abin ya ƙi tosuwa.

Mutmainna ce ta karɓi littafin ta juya shi. "Kaka, ta baya ka buɗe. Na boko ta nan ake farawa. Yana cin tuwo ne ya ji kukansu, sai ya tashi ya je ya fid da su."

Na ce, "Shekara saba'in ina ganin malamai na buɗe littafi, ban ga wanda ya fara ta hagu ba." Amma muryar ba ta fita yadda na saba jin ta ba. Ni da kamyo ya danne na tashi, yau takarda shafi shida ta kayar da ni gaban jikoki, kuma waya ta ɗauka. Na fara laluben takalmi, na ce zan leƙa tasha.

Sai na ji an riƙe mini riga. Zalika ce. Ita kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Tsoho, to wa ya fid da su?"

"Su wa?"

"Mutanen. Ka bar su cikin ruwa."

Mutmainna ta ce, "Ɗan Tsawa mana, ba na karanta miki ba?"

"Ba naki ba. Na Tsoho. A na Tsoho yana cin tuwo."

Idonta ya cika. Da gaske take, mutanen nan suna cikin ruwa kuma ba wanda ya je. Na saki takalmin na koma na zauna.

Na ce, "Wa zai fid da su in ba 'yan dakon Jibiya ba? Labari ya iske mu a tasha, muka tashi mu goma sha biyu, ni a gaba, kowa da gammonsa. Ba a taɓa mota tukuna. Igiya ake fara ɗaurewa jikin itace, mutum ɗaya ya shiga da ita a ƙugu."

"Kai ne?"

"Wa kike gani? Yara aka fara fiddawa, a wuya, bibbiyu. Sai mata. Akwai wata tsohuwa da ta ce ba ta sauka sai da kazarta, na ɗauko su tare, kazar na tsattsagar mini kunne. Sannan aka sauke buhuna ɗaya bayan ɗaya, don mota mai kaya ko mutum ɗari ba su jan ta, duk wanda ya ce miki ya ɗaga ta da kaya ƙarya yake. Sai aka sa katako ƙarƙashin taya."

Fatimatu ta tashi zaune. Mutmainna, da littafin a cinya, ta ce, "Geron bai jiƙe ba?" Na ce na ƙasa ya jiƙe, kwana uku muna shanya, har tsiro ya fara. Kafin mu ja motar ta hau tudu an kira magariba, kuma kan Zalika na kan gwiwata.

Uwaisu ya ce, "Baba, wayar fa tana ta ɗauka. In goge ko in aika?"

Na ce, "Aika duka. Ka ƙara musu da cewa su sa masa gammo."

Yanzu haka muke yi. Mutmainna ta karanta musu ta gaba a ciki, sannan su kawo mini zaure in buɗe ta baya, mutumin ya yi ɓarnarsa ya koma kan tuwonsa, mu 'yan dako mu shiga gyara. Na ɗan tsakon ba ya buɗuwa ta baya, na gwada, tsako ne kawai ya farka.

Zalika ta dawo gwiwata, amma da littafin take barci, rungume a ƙirji, jan mayafin nan yana kallona. Sau ɗaya na gwada zare shi a hankali, ta ƙara ƙanƙamewa ba ta ko buɗe ido ba. Na bar mata.

Na dai gaya wa Uwaisu, in ya koma Katsina ya duba ko akwai wanda mutumin ya fid da jirgin ƙasa daga rami. Na riga na san inda za mu ɗaura igiyar.